Ranar da Malam Ma'aruf Ya Tuɓe Rawani

Shekara bakwai muka yi da matata Farida ba ta taɓa ko ɓatan wata ba.

Ni Ukasha nake, mutumin Bakura. Shinkafa nake nomawa da damina, albasa da rani, bakin magudanar da ke kawo mana ruwan Bakolori. Karatuna bai yi nisa ba. Farida kuwa ɗiyar Malam Ma'aruf ce na Maradun, wanda in ya zauna zaurensa da hantsi, masu furfura ke buɗe littafi gabansa. Ita ce ɗiyarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. In zai tambaye ni ita sai ya ce, "Ya yarinyar wurinku?"

Cikin shekarun nan babu abin da Farida ba ta sha ba. Rubutu daga zauren mahaifinta, jarka bayan jarka. Sassaƙe daga wata tsohuwa a Janbako, mai ɗacin da ke sa mutum ƙwalla. Dada, mahaifiyata, duk Talata in ta je kasuwar Mafara sai ta dawo da sabon ƙulli a bakin zane. Farida ta sha, ta yi wanka, ta yi hayaƙi, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ni kuwa babu wanda ya taɓa miƙo min ko cokali guda. Ni ma ban taɓa tunanin akwai dalilin miƙo min ba.

Farida ce ta ce wata rana mu je asibitin Mafara, mu biyu. Aka yi mata nata awon, aka yi min nawa. Bayan kwana huɗu muka koma, likita ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce in gyara zama.

"Matarka lafiyarta lau," ya ce. "Wurinka abin yake."

Ya yi min bayani yadda zan gane. Ya ce irina kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ma ba su da ƙarfin tafiya su kai inda ake so. Ya ce ba laifina ba ne, ba kuma abin da na yi.

Da muka kamo hanyar Bakura a babur, na kasa gudu. Wajen wata 'yar gada na tsaya na kashe inji.

"Mai ne ya ƙare?" in ji Farida.

"A'a."

"To mi ya faru?"

Na ce, "Ki yafe min ɗacin da kika sha shekara bakwai."

Can ta ce, "Na yafe duka. Amma na Janbako da saura a randa, wancan kai za ka ƙarasa shi."

Muka yi dariya nan bakin hanya har wani mai amalanke ya waigo. Da na tada babur na ji ta kwantar da goshinta a bayana, na ji rigata tana jiƙewa. Ban waiga ba.

Da bakina na gaya wa Dada. Talata ta gaba ta dawo daga kasuwa da ƙullinta kamar kullum, sai ta wuce ɗakin Farida ta ajiye shi a gabana. Ita Farida kuma, Dada ta kawo mata balangu a takarda, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wata shida na yi ina shan ƙwayoyin likita. Aka sake awo, abin bai motsa sosai ba. Shi ne ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin haihuwa a Kano. Can muka sami wata likita, Dakta Rumaisa, 'yar siririya mai magana a hankali. Ta ce hanya uku ce. Ko in ci gaba da magani mu jira. Ko a tace irina a zuba shi cikin mahaifa da wani siririn bututu. Ko kuma a ciro ƙwan haihuwa daga jikin Farida, a haɗa shi da irina cikin wani ɗan kwano, a yi renonsa kwana kaɗan, sannan a dasa mata. Ta ce yadda nawa yake, ta ukun ce ta fi kusa, don har guda ɗaya daga cikin irina suke iya ɗauka su sa shi cikin ƙwan da allurar da ta fi gashi siranta.

"Amma ba alkawari nake muku ba," ta ce. "Wani lokaci ya kama, wani lokaci bai kama ba."

Da muka fito Farida ta ce, "Ina so. Amma sai Baba ya yarda."

Na san haka za ta ce. Tun daga Kano har Gusau abin da nake juyawa ke nan a mota: yadda zan durƙusa gaban surukina, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, in yi masa irin wannan magana.

Na fara da Baba Jibo, ƙanen Malam, wanda ya yi wa Farida walicci. Turare yake sayarwa a kasuwar Maradun tun kafin a haife ni, kuma shi mutum ne mai barkwanci. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Kai, Sarkin Albasa, wagga magana ta fi ƙarfin bakina ni kaɗai. Taso mu tahi tare."

Muka sami Malam ya sallami masu karatu. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa bakin tabarma. Muka gaisa, ya tambayi Dada, ya tambayi ruwa, ya tambayi albasa, ya tambayi yarinyar wurinmu. Baba Jibo ya fara magana yana kewaye-kewaye, har ya ce wai likita ya ga "ɗan abu a tsakaninsu." Na ji ba zan iya barin ta haka ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba tsakaninmu ba ne. Wurina ne. Ita lafiyarta lau tun farko."

Malam ya ɗago ya dube ni. Bai taɓa dubana ido cikin ido ba sai ranar. Ya ce mu ba shi mako guda.

Da mako ya cika muka koma. Littattafai uku ne buɗe a gabansa, kuma Baba Jibo ya ce har waya ya buga wa wasu malamai a Sakkwato.

"Na duba," in ji Malam. "Malamai sun halatta, in ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, aure kuma shina nan daram, ba a sa hannun wani na uku ba. Wanga ba shi da gardama."

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Sai ya ɗaga yatsa.

"Amma wa zai shaida? Aure ba ya ɗauruwa sai da shaidu biyu. To ɗa fa? Za a fid da shi daga jikin uwarsa, a kai shi wani ɗaki, cikin kwano, hannun mutanen da ban san su ba, ga kwanon wani can gefe. Wa zai ce min wanda aka maido shi ne wanda aka ɗauka? Nasaba ba abin wasa ba ce, Ukasha. Ni da Jibo za mu tahi mu tsaya. In mun gani da idonmu, jikana ne. In ba mu gani ba, ba ni hana ku, amma ba ni yi mishi huɗuba, ba ni raɗa mishi suna."

Da na kai wa Farida, ta ce, "Ɗan da Baba bai yi wa huɗuba ba, ina zan kai shi?" Ta faɗa a hankali, tana tsince shinkafa, amma na san ta. In Malam bai shaida ba, ba za ta yarda a dasa ba.

Na buga wa Dakta Rumaisa ina jin nauyi. Ta yi dariya kaɗan, ta ce ba a taɓa kawo mata irin wannan ba. Ta ce ɗakin da ake haɗawa ba mai shiga sai ma'aikata, amma akwai gilashi ta wani lungu, za ta bari su tsaya nan.

Na sayar da shanun huɗata, yayyena suka kama min, muka kama ɗaki kusa da asibitin. Kwana goma sha biyu Farida tana karɓar allura biyu a ciki, kullum lokaci guda. Wata nas ta koya min yi, ta ba ni lemu in riƙa gwadawa. Na huda lemu ya fi ashirin kafin hannuna ya saba. Duk da haka ranar farko da na ɗaga allurar sai na kasa.

"Kai da ke yanka rago da salla?" in ji Farida. "Soka mana, cikin nawa ne ba naka ba."

Cikinta ya yi tabo-tabo, ya kumbura, zane ya daina zama mata daidai. Wata rana ta yi kuka don na sayo biredin da ba shi ta ce ba. Wata rana ta yi min faɗa don ina numfashi da ƙarfi. In abin ya wuce sai ta rufe fuska ta ce, "Wallahi ba ni ba ce, allurar ce." Ni dai sai in ce na sani. Lafiyayya ce, amma ita ake hudawa saboda ni. Wannan bai taɓa barin raina ba ko sau ɗaya.

Aka yi mata allurar ƙarshe, wadda daga ita ake ƙirga awa talatin da shida cif a ciro ƙwan. Ya faɗo ƙarfe tara na safiyar Alhamis. Nas ta ja mana kunne: ranar kada mu shafa turare, kada mu yi wanka da sabulu mai ƙamshi, kada mu shafa mai. Ta ce ƙamshi yana yi wa ƙwan lahani. Na ce to. Na ɗauka maganar tamu ce mu biyu. Ko kaɗan bai zo min in gaya wa Malam ba.

Su kuwa tun Laraba suka iso, suka sauka gidan wani tsohon ɗalibin Malam. Ranar Alhamis ƙarfe takwas saura, an riga an shiga da Farida ciki, ina zaune kan benci, sai na ji ƙamshi ya shigo kafin mutanen. Ga Malam cikin farar babbar riga da rawani, ga Baba Jibo cikin shuɗiya. Sun yi shirin ɗaurin aure. Wanda zai tsaya shaida ai ba ya zuwa haka nan. Kwana biyu rigunan suka yi kan turaren wuta a Maradun, kuma Baba Jibo ya buɗe kwalbar da ya ce bai taɓa buɗe wa kowa ba, ya zuba musu har cikin gemu.

Nas ɗin ta taso da gudu tana ɗaga hannu biyu.

"Baba, don Allah ku tsaya nan! Kada ku ƙara taku ɗaya!"

"Lahiya?" in ji Baba Jibo. "Mu ne shaidu."

"Da wannan turaren? Ko ƙofar lungun ba za ku kusanta ba."

"Yarinya, kin san kuɗin tolar wanga kuwa?"

Dakta Rumaisa ta fito. Ta rusuna ta gai da Malam yadda ya kamata, sannan ta yi masa bayani. Ta ce ba ƙwan ɗiyarsa kaɗai ba ne, akwai na wasu mutane a ɗakin, amana ce a hannunta. Ta ce hanya ɗaya ce. Akwai banɗakin ma'aikata da sabulu marar ƙamshi. Su tuɓe komai, su yi wanka, su sa kayan asibiti, 'yar riga kore mai gajeren hannu da wando da hular takarda.

Baba Jibo ya riƙe baki. "Har rawani?"

"Har rawani, Baba."

"Shekara talatin ba wanda ya ga kan Yaya a waje. Ni da muke ciki ɗaya na manta kamarsa. Ku ɗaga abin zuwa gobe mana, mu zo da wasu kaya."

"Ba ya ɗaguwa," ta ce. "In tara ta wuce sosai, ƙwan zai sauka da kansa, ba za mu same shi ba. Duk allurar da ta sha ta tafi a banza."

Na durƙusa nan tsakiyar mutane. Na ce, "Allah gafarta Malam, laifina ne. An gaya min, ban isar ba."

Malam bai dube ni ba. Agogon bango yake kallo. Wurin cike yake da mata da maza masu jiran layi, kowa yana kallonmu. Na san abin da ake nema gare shi. Mutumin da in ya ratsa kasuwar Maradun ake tashi tsaye, a ce ya fito gaban surukinsa da baƙin mata cikin 'yar shara kamar yaron makanike.

"Allura nawa aka yi mata?" ya tambaya.

Na ce, "Ta fi ashirin."

"Wa ya yi mata?"

"Ni."

Sai ya sa hannu ya zaro bakin rawanin daga wajen kunne, ya fara warwarewa, zagaye bayan zagaye, ba gaggawa. Da ya gama ya naɗe shi ya miƙo min. Da ɗumi a jikinsa. Kansa ƙarami ne ashe, fari fat, da wani tsohon tabo sama da goshi.

"Ina banɗakin?" ya ce.

Suka shiga, suka fito cikin koren kaya. Wandon Malam bai kai idon sawu ba. Nas ta matso ta shinshina hannunsa da gemunsa tana ba da haƙuri, ta ce ya yi. Ta juya kan Baba Jibo, ta ce ya koma. Ya koma ya sake wanka, ya fito idanu jawur don sabulu. Ta sake shinshinawa ta girgiza kai.

"Baba, kai sai an jiƙa ka kwana uku. Sana'arka ce?"

"Shekara arba'in," in ji shi, kamar zai yi kuka.

Haka aka fitar da shi gindin wata bishiya da rigunan da rawanin. Saura shaida ɗaya. Na ga fuskar Malam ta sauya, don shi ya ce biyu da bakinsa, kuma ba mutum ne mai janye magana ba. Amma lokaci ya yi, ya bi bayan likita.

Ni aka ba ni wani ɗan kofi mai murfi da sunana a jiki, aka nuna min ɗaki. Duk tafiyar nan babu abin da ya fi min wuya kamar fitowa da kofin nan in wuce gaban surukina. Ya dubi hannuna har na miƙa shi ta wata 'yar taga, sannan ya mai da idonsa ƙasa. Ni ma ƙasa nake kallo.

Muka tsaya a gilashin. Ciki mutum biyu ne maza, an rufe musu baki da hanci, ɗaya Mahmud, ɗaya Nasidi. Akwai wata na'ura a bango da ke fito da maganarsu. Mahmud ya ɗauki kofina, ya karanta sunana da lambata da ƙarfi. Nasidi ya matso ya duba da idonsa, ya maimaita. Mahmud ya sa hannu a takarda, Nasidi ya sa. Aka miƙo wani bututu daga ɗakin da Farida take, suka sake haka. Duk abin da za a taɓa, sai ɗaya ya faɗa, ɗaya ya duba ya maimaita, su biyu su sa hannu.

Malam ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashi. Dakta Rumaisa ta fito ta same mu. Ya ce mata, "Saboda ni suke yin haka?"

"A'a, Baba. Kullum haka muke. Ba a taɓa kwano sai mutum biyu sun gani. Kuma ba a ɗora na gida biyu kan tebur lokaci guda."

"Ko ba kowa a gilashin?"

"Ko ba kowa."

Malam ya ce, "Allahu Akbar," can ƙasa-ƙasa.

Sai Mahmud ya ɗauko wani sabon kwano da ba a sa komai ba tukuna, ya kawo shi kusa da gilashi. Rubutun boko ne a jiki. Ya ce, "Baba, tunda shaida ka zo, faɗi cikakken sunan ɗiyarka, mu ji ko ya yi daidai da abin da ke nan."

Mahmud bai san abin da ya roƙa ba. Malam ya buɗe baki ya rufe. Ya gyara hular takardar da ke kansa.

"Farida," ya ce. Muryarsa ta ɗan karye. Ya sake cewa da ƙarfi, "Farida Ma'aruf."

"Daidai," in ji Mahmud.

"Daidai," in ji Nasidi.

Bayan sun gama aiki Malam ya sa aka kira su waje. Har lokacin cikin koren kayan yake, ya ma manta. Ya tambayi kowannensu sunan mahaifinsa da garinsu. Ya nemi takarda, ya zauna kan benci ya rubuta da ajami abin da ya gani, da rana da wata. Ya karanta musu, suka sa hannu, ya sa nasa.

"Biyu na nema," ya ce min. "Ga uku."

Da Farida ta farfaɗo na ba ta labari. Ba ta yarda da maganar rawani ba sai da nas ta rantse. Da na ce ya kira sunanta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe haka.

Ƙwai goma sha ɗaya aka samu, huɗu suka rayu. Aka dasa biyu, aka ajiye biyu cikin sanyi. Muka koma Bakura jiran mako biyu. Dada ta hana ta ko ɗaukar buta. Ni kuma in ina gona sai in riƙa lissafin kwana da yatsu kamar ban yi jiya ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya da safe ta ga jini. Ba ta yi kuka ba lokacin. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta koma ta uku, sai da Dada ta karɓe tsintsiyar ta rungume ta. Kwana da kwanaki ba ta son magana. A gari kuma labari ya riga ya fita, ana cewa Ukasha ya sayar da shanu ya je neman ɗa cikin kwalba ya dawo hannu wofi. Abin da na fi tsoro shi ne Malam ya ce alama ce, a bari.

Sai ga Baba Jibo a kan babur, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya ce Malam ya aiko shi da magana biyu. Ta farko, Allah bai yi wancan ba, a yi haƙuri. Ta biyu, sauran biyun da ke cikin sanyi suna cikin takardar shaida, kada a bar su su gaji da jira.

Bayan wata huɗu muka koma. Malam ya zo da 'yar jakarsa, ya wuce banɗakin ma'aikata ba tare da an nuna masa ba. Baba Jibo kuwa kwana biyar ya yi bai buɗe shago ba, ya aske gemu ƙwal, yana wanka da sabulun wanki. Ya tsaya gaban nas ɗin nan ya miƙa wuya.

"Shinshina, ɗiyata. In kin ji wani abu, a rufe ni da rai."

Ta shinshina, ta ce ya wuce. Ya shiga lungun yana taƙama kamar an naɗa shi sarauta.

Aka dasa mata biyun. Wannan karon da kwanakin suka cika, a Mafara aka ɗebi jini. Likitan nan na farko ne ya duba takardar. Ya sake ce min in gyara zama, amma yana murmushi. Ɗaya ya kama. A hanyar gida na tsaya wajen gadar nan, Farida ta ce, "In kuka za ka yi, sauka ka yi, kada ka kada mu."

Da ciki ya tsufa ta koma Maradun goyon ciki. A asibitin Mafara ta sauka, mace, ranar wata Litinin da hantsi. Da aka kai su gida aka fito da jaririyar zaure cikin zani. Malam ya miƙa hannu, sai ya tsaya ya dube ni.

"Yanzu turare bai cutar da ita?"

Na ce, "Likita ta ce ba komai, in ba mai yawa ba."

Ya ce wa Baba Jibo ya ja baya. Ya karɓe ta, ya kai bakinsa kunnenta na dama ya yi mata huɗuba a hankali har ƙarshe. Sannan ya ɗago ya ce, "Marwa."

Ranar suna zauren ya cika har waje, mutanen Bakura mota biyu. Bayan an shafa fatiha ana rabon goro, wani maƙwabcin gonata ya ce wa na kusa da shi, "Ashe ɗiyar kwalba ma ana yanka mata rago." Ya ɗauka a hankali ya faɗa. Malam ya ji.

Bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu cikin aljihun babbar riga ya fito da takardar nan, ya warware ta, ya karanta tun daga bisimilla har sunayen shaidu, da na Baba Jibo da aka ƙara a ƙasa. Sannan ya dubi jama'a.

"Wagga jikata ce, ɗiyar Ukasha da Farida. Na gani da idona tun ba ta kai ƙwayar gero ba. Duk wanda ke da irin wagga takarda a kan nashi, ya kawo in gani."

Sai Baba Jibo ya ce, "Ni dai ba ni da ita, Yaya, kuma ɗiya goma sha ɗaya gare ni." Aka kwashe da dariya, har shi maƙwabcin nawa, yana sosa ƙeya.

Malam ya naɗe takardar ya miƙo min gaban kowa. Na karɓa da hannu biyu.

"Ajiye mata," ya ce. "In ta iya karatu, ni zan koya mata ta karanta da kanta."